Awon Yatsu Uku

Yayata mai magani ce, kuma duk unguwarmu da Mai Ɗaci aka san ta, ko da yake a gabanta Inna ake ce mata. Ni kaɗai nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Auta, ko da yake furfura ta riga ta cinye mini gemu. Ni direba ne, ina jan akori-kura tsakanin gari da ƙauyuka, in kai siminti da kwanon rufi, in dawo da abin da ya samu. Cikin abin da ya samu ɗin nan har da buhunan ganyenta. Na fi shekara talatin ina mata wannan dako, ladana kuwa faɗa ne, duk ranar da na bari rana ta doki buhu a bayan mota.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga. Benci guda na masu jira, murhun gawayi biyu, tukwane uku da suka yi baƙi ƙirin, sai kantar katako cike da kwalaben da ta wanke ta kife. A sama igiyoyi ne inda take rataye saiwoyi da ɓawon itace. In ka zauna a ɗakin nan na ɗan lokaci, warin hayaƙi da ɗaci sai ya bi ka har gida, matarka ta san inda ka fito ba sai ta tambaya ba.

Sana'ar ta mahaifinmu ce. Ni ya fara gwada koya wa, da ya ga ba na bambance ganyen magani da na shara sai ya ce gara in je in koyi tuƙi kafin in kashe wani. Yaya ce ta zauna kusa da tukunya. Abu biyu ta gada daga wurinsa, awo da ƙa'ida. Awon shi ne abin da yatsu uku suka tsinko na busasshen ganye, a tafasa a ruwa cikin kwalba ɗaya, babba ya sha kofi da safe, kofi da yamma. Ƙa'idar kuwa, babu maganin da zai fita daga ɗakin nan sai ta zuba a kofinta ta kurɓa a gaban mai shi. An ce wanzami ba ya son jarfa, to Yaya ita ce wanzamin da ke fara tsaga jikinsa. Mutane sun yarda da ita saboda wannan kurɓin fiye da yadda suka yarda da maganin kansa.

Abin da ya fi kawo mata jama'a shi ne maganin zazzaɓi. Ganye ne da ba zan faɗi sunansa ba, don ko a gidanmu ba a faɗa. Baba yana ce masa ɗan kwari, saboda a wani kwari yake fitowa, gefen rafi, inda wani tsohon manomi ke yanko mana. Baba ya bar masa sharuɗɗa: a yanka bayan ruwa ya zauna, kafin ya yi fure, a shanya a inuwa. Shekara da shekaru haka aka yi, ganyen nan bai taɓa ba Yaya kunya ba.

Ni da nake bin hanya na riga ta ganin an fara samun matsala, ko da yake ban san abin zai shigo har cikin tukunyarta ba. Ruwan sama ya daina zuwa da lissafi. Wata shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya cinye gada, ya kwanta a kwarin har na kusa rasa hanyar shiga. Ganyen da na kawo a shekarar ya yi faɗi, kore shar, abin sha'awa. Yaya ta yaba, ta ce ɗan kwari ya yi ƙiba. Ba a daɗe ba mutane suka fara dawowa da kwalabe.

"Inna, wannan karon kamar ruwan zafi kawai kika ba mu," in ji wata mata. "Maigidana ya shanye tas, jikin yana nan kamar garwashi."

Yaya ta ji zafin maganar nan ƙwarai. Ta tauna ganyen, ta ji lami, ɗacin ya gudu. Ta yi ta juya abin a ranta, daga baya ta ƙara yatsa ɗaya a kan awon Baba. Yatsu huɗu suka yi aiki, zazzaɓi ya riƙa sauka, masu ƙorafi suka yi shiru. Shekarar da ta biyo ma ruwa ya yi yawa, ta ci gaba da huɗun, har hannunta ya saba.

Sai kuma abin ya juya. Ruwa ya makara, da ya zo ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke, aka shiga wani zafi da ko sitiyari ba ya taɓuwa da rana. Na je kwarin na tarar da rafin ya zama yashi. Ɗan kwari da ke kai wa ƙugu bai wuce gwiwa ba, kuma tuni ya yi fure. Ganyensa ƙanana, masu kauri, sun yi toka-toka. Tsohon manomin ya ce mini, "Abin da ya samu ke nan, direba. In ka jira ruwa ya zauna, sai ka jira har baɗi." Na loda rabin buhu na taho.

Yaya ta zazzage shi a tabarma ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Allah sarki, ya sha wuya. Dubi yadda ya rame." Lissafin da ta yi shi ne wanda kowa zai yi: abin da ya rame ba shi da ƙarfi. In ganye mai ƙiba ya buƙaci yatsu huɗu, ramamme ai ba za a rage masa ba. Haka ta bar awon a huɗu.

Wanda ya fara karɓar na sabon buhun wani kafinta ne, mutumin kirki mai yawan barkwanci, wanda shi ya ƙera mata bencin da ke shagon. Duk shekara in zazzaɓi ya kama shi nan yake zuwa. Ina zaune ranar ina jiran a gyara mini rediyon mota.

"Inna, a ba ni na kullum," ya ce, yana rawar sanyi cikin wannan zafin.

Ta tace, ta cika masa kwalba, ta zuba kaɗan a kofinta ta kurɓa. Na ga ta yamutsa fuska, abin da ban saba gani ba.

Kafinta ya yi dariya. "Yau har ke ya murɗe wa baki? To ni ina zan sa kaina?"

"Ɗaci ai shi ne magani," ta ce. "Kofi da safe, kofi da yamma. Kada ka yi mini wayo ka zubar a bayan shago."

Bai yi mata wayo ba, ya sha yadda ta ce. Amai ya kama shi, fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura. Kafin a kai shi asibiti jiki ya yi nisa. Likitoci suka ce ƙoda ce ta tsaya, kuma ba su iya cewa ga abin da ya tsayar da ita ba, don zazzaɓin kansa yana iya yin haka. Bai fito ba.

Bayan an share makoki matarsa ta zo shagon da kwalbar a hannu, da sauran magani a ciki. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ta san Inna ba ta son a yar mata da kwalba. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, kuma har ya kwanta yana cewa maganin Inna ne zai tashe shi. Da ma zagi ta yi, da ya fi sauƙi. Yaya ta yi mata addu'a, ta raka ta bakin ƙofa, ta dawo ta zauna tana kallon kwalbar.

"Kurɓa na yi, Auta," ta ce. "Shi kuwa kofi ya sha."

Kafin in gane inda ta dosa ta cika kofinta har baki da ragowar maganin ta shanye. Na yi tsalle na fizge kofin, amma ihu ne bayan hari. Yinin ranar a bayan shago ta yi shi, tana amai, tana dafa bango saboda jiri. Da ta samu kanta ta goge baki da gefen zane ta ce, "Ba kwanansa kaɗai ba ne. Wannan ba ganyen da na sani ba ne."

Yaya tana da 'ya ɗaya da ke aiki a ɗakin ba da magani na asibiti, muna tsokanarta da 'Yar Kemis. Na kira ta, ta zo da yamma ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta murza ganyen a tafin hannu ta sansana, ta zauna kusa da uwarta.

"Mama, ganye ba ƙwaya ba ne da ake bugawa iri ɗaya," ta ce. "Ɗacin nan da kike nema, tsiron don kansa yake yinsa, don ya kare kansa. In ruwa ya yi masa yawa yana iya tsinkewa. In ƙishi da zafi suka matsa masa, wani tsiron sai ya tara abin ya yi kauri, wani kuma ya rasa shi gaba ɗaya. Ga shi ƙananan nan sun fi cika yatsa in an tsinko. Abin da Kaka ya auna, ganyen zamaninsa ya auna, da ruwan zamaninsa."

"To yanzu nawa ne awon?"

"Ban sani ba, Mama. Ko an gwada wannan buhun, na gaba daban zai zo. Ki bar shi kawai."

 Na ɗauka maganar ta shiga, har na fara jin sanyi a raina. Ashe wani lissafin Yaya take yi. Ta ce, "In ya canza hali, sai a sake saninsa. Baba ma ai ba da awo aka haife shi ba."

Daga ranar ta daina ba kowa ɗan kwari. Duk wanda ya zo nema sai ta ce ya je asibiti, ko ya yi haƙuri, tana gyara. Gyaran kuwa a jikinta take yi. Ta tafasa yatsa ɗaya ta sha cikakken kofi safe da yamma, ta zauna tana sauraron cikinta da kanta da bugun ƙirjinta. In ta huta ta koma yatsu biyu. Daga nan biyu da ɗan ƙari. So take ta gano inda magani ya tsaya, inda guba ta fara, ta tsaya a bayan layin kaɗan, sannan ta buɗe wa mutane. Lafiyarta ƙalau, ba zazzaɓi ba komai, take ɗura wa kanta abin da ya kwantar da ƙato kamar kafinta.

Mun yi magana har bakinmu ya gaji. 'Yar Kemis ta yi kuka, ta yi fushi, ta kawo wata abokiyar aikinta ta yi bayani, Yaya ta ba su wurin zama ta saurare su da ladabi, suna fita ta ɗora tukunya. Ni na ce ba zan ƙara kawo mata ko reshe ɗaya ba.

"Kada ka kawo," ta ce. "In ka hana ganye zuwa, za ka hana zazzaɓi zuwa ne? Kullum sai na mayar da mutum biyar daga ƙofar nan. Ka san inda suke zuwa? Kasuwa. Su sayi ganyen a hannun wanda bai taɓa sa shi a baki ba, su zuba yadda suka ga dama."

"To ke ce za ki mutu a madadinsu?"

"Kai dai tuƙi aka ce ka koya."

Raina ya ɓaci, na yi kwanaki ban taka shagon ba. Na tsaya a kan maganata ban sake zuwa kwarin ba, amma hakan bai hana komai ba. Ta riƙa aika mai wanki kasuwa yana sayo mata ƙulli-ƙulli, wannan daga gabas, wancan daga inda ba wanda ya sani. Ta ce hakan ma ya fi, tunda shi mutane ke sha. Wata rana na shigo ta tare ni da murna kamar yarinya, ta ce ta samu, yatsu biyu ne ba ƙari. Ƙullin da ya biyo baya, yatsu biyun suka kwantar da ita yini guda. Na bayansa kuma ta sha har uku ba ta ji komai ba. Kowane ƙulli da nasa hali, ita kuwa ta ƙeƙasa ƙasa ta ce akwai tsari a ciki, ita ce ba ta kamo shi ba tukuna.

Na fara lura ta daina sa takalminta, ta koma jan wani tsohon silifa na marigayi mijinta. Na tambaya ta ce ya fi daɗin taka ƙasa. Ƙafar ce ta kumbura. Da safe fuskarta sai ta yi suntum, idanu su shige. Tana yawan susa, hannuwanta duk sun yi fari da tabon farce. Ta rage cin abinci, ta ce zafi ne. Duk wanda ya ga kafinta a kwanakinsa na ƙarshe ya san me yake kallo, ita ma ta sani, don ba ta yarda 'yarta ta ga ƙafar ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan hanya.

Wata rana da tsakar rana mai wanki ya same ta a ƙasa kusa da murhu, gefen zanenta har ya fara hayaƙi. Muka kai ta asibiti a bayan motata, a kan katifa. Likitan bai yi mata faɗa ba, ya tambayi abin da ta sha da tsawon lokacin, ya saurara, ya sunkuyar da kai yana rubutu. Ya ce ƙodojin duka biyu sun gaji, abin da ya rage shi ne wanki da inji, kuma ba zai yi mana alkawarin za su farfaɗo ba. 'Yar Kemis ta fita waje don kada uwarta ta ga fuskarta.

Haka muka shiga zaryar wankin ƙoda. In ɗauke ta in kai, a jona mata robobi a hannu, jininta ya fita ya zaga cikin inji ya dawo, ita tana kwance tana kallon silin. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma sai an ɗaga ta. Abin da ya fi ci mata rai ba allurar ba ce. Bakinta ne ya mutu. Ruwa, shayi, lemo, duk ɗanɗanon ƙarfe take ji, kamar ta tsotsi mabuɗi. Ta sa na kawo mata ɓawon wani itace da ɗacinsa ke sa babba hawaye, ta tauna, ta tofar, ta juya fuska bango.

Wata ranar da jikin ya ɗan yi dama ta matsa sai na kai ta shago. Ta ce ba aiki za ta yi ba, warin wurin take so. Na buɗe, na kakkaɓe bencin, na jingina ta da bango. Murhu a mace, tukwane a kife. Mai gyaran rediyo ya leƙo ya gaishe ta ya koma da sauri.

Ba mu daɗe ba sai ga wata mata, ba ta kai shekara talatin ba, ta ga ƙofa a buɗe ta shigo ta durƙusa. Ta ce mijinta ne ke kwance da zazzaɓi. Sun je asibiti an ba shi ƙwayoyi, ya fara sha, bai ga sauƙi da wuri ba ya ture. Ya ce tun yana yaro da maganin Mai Ɗaci uwarsa ta raine shi, shi yake so. Ta kwance bakin mayafinta, sai ga busasshen ɗan kwari da ta sayo a kasuwa.

"Ba sai kin dafa ba, Inna, na ga ba ki da lafiya. Ki dai faɗa mini nawa zan zuba."

Yaya ta miƙa hannu ta ɗauki ganye ɗaya. Ta duba shi a haske, ta murza, ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa, ido a rufe, muna jira. Na ga maƙogwaronta yana motsi. Ta sake ɗaukar wani ta tauna.

"'Yata, ki mayar da shi asibiti," ta ce. "Ya shanye ƙwayoyinsa. Wannan ki zubar."

"Wallahi ba zai yarda ba, Inna. In ban dafa ba ƙanwarsa za ta dafa. Awon kawai nake so."

"Ban sani ba."

Matar ta ɗago kai ta dube ta, ta dube ni, kamar ta shigo shagon da ba shi ba. "Ke ce fa Mai Ɗaci."

"Ni ce. Ban sani ba."

Matar ta ɗaure ganyenta a hankali. Ta ce ba komai, Allah ya ba Inna lafiya, za ta sa yatsu uku yadda surukarta ke yi, in bai ji ba ta ƙara. Ta fita.

Yaya ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi. Ta damƙi rigata. "Bi ta, Auta. Yi sauri."

"In ce mata me?"

Ta buɗe baki. Na ga tana lissafi, yatsunta suna motsi a kan cinya, ɗaya, biyu, su koma. Duk abin da ta sha, duk abin da ta bayar na jikinta, ba ta da lamba ɗaya da za ta aike ni da ita. Ta ce, "Ka dai bi ta."

Na cim mata a bakin mahaɗar titi tana neman abin hawa. Na ba ta labarin kafinta, na ce ta dubi ƙafar Yaya in ba ta yarda da ni ba, na roƙe ta ta ba ni ƙullin. Ta saurare ni har na gama, ta ce to, ta gode. Ta ƙara tamke bakin mayafin ta hau mota. Ban tambayi unguwarsu ba, hankalina bai kai nan ba sai da motar ta sha kwana.

Na dawo na tarar da Yaya ta zuba wa ƙofa ido.

"Ta zubar?"

"Ta ce to."

 Yaya ta shekara arba'in tana sallamar mutane, ta san irin wannan to ɗin.

Yaya ba ta ga saukar ruwan shekarar ba. A makonnin da suka rage mata ba ta ƙara maganar awo ba, ba ta tambayi shago ba, ko kafinta ta daina ambata. Abu ɗaya ta riƙe. Duk wanda ya shigo duba ta, maƙwabci ne ko ma'aikaciyar jinya, sai ta tambaye shi ko ya ji labarin wani mutum mai zazzaɓi da matarsa ta dafa masa ganye, ko ya tashi. Na zaga inda zan iya, na tambayi masu ganye a kasuwa, ba wanda ya san matar. Ranar ƙarshe ma da na sunkuya kusa da bakinta, abin da take tambaya ke nan.